Tambaya da Amsa: Yadda Mai Rinjayen Ƙuri'u Kan Faɗi Zaɓe a Amurka

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a Gusau, kuma wani ɗalibina ya yi mini tambayar da na kasa ba shi gamsasshiyar amsa. Ya ce ya ji cewa a zaɓen 2016 Hillary Clinton ta fi Donald Trump yawan ƙuri'u, amma Trump aka rantsar. Shin maguɗi aka yi, ko kuwa doka ce ta tanadi haka? In doka ce, me ya sa Amurkawa suke ta gardama a kanta har yau ba su sauya ta ba?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara basira. Ɗalibinka ya ji daidai. Clinton ta zarce Trump da ƙuri'u kusan miliyan 2.9, kuma ba maguɗi aka yi ba, domin kundin tsarin mulkin Amurka bai tanadi cewa jama'a su zaɓi shugaban ƙasa kai tsaye ba. Idan Ba'amurke ya kaɗa wa ɗan takara ƙuri'a, a haƙiƙa ayarin wakilan da jam'iyyar ɗan takarar ta tsayar a jiharsa yake zaɓa, su kuma waɗannan wakilai su ne ke zaɓen shugaba a watan Disamba. Jimillarsu 538 ne. Kowace jiha tana samun adadin kujerunta na Majalisar Wakilai haɗe da sanatocinta biyu, sai birnin tarayya da aka ba uku tun 1961. Wanda ya samu 270 shi ne shugaba.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake rabon wakilan. A jihohi 48 cikin 50, wanda ya zo na ɗaya yana kwashe wakilan jihar gaba ɗaya, ko da ƙuri'a ɗaya tak ya fi abokin karawarsa. A 2016 Clinton ta tara rarar miliyoyin ƙuri'u a Kaliforniya da New York, rarar da ba ta ƙara mata ko wakili ɗaya ba, shi kuwa Trump ya ci Michigan da Pennsylvania da Wisconsin da tazarar da idan aka haɗa ta duka ba ta kai 80,000 ba, ya tafi da wakilansu 46. A shekarar 2000 abin ya fi haka tsanani, domin Al Gore ya fi George W. Bush da sama da ƙuri'u rabin miliyan a faɗin ƙasar, amma tazarar ƙuri'u 537 kacal a Florida ta ba Bush wakilai 25, bayan Kotun Ƙoli ta dakatar da sake ƙidaya. Sau biyar ke nan a tarihi wanda ya fi ƙuri'un jama'a ya rasa kujerar, idan aka haɗa da 1824 da 1876 da 1888.

Asalin tsarin taron Philadelphia ne na 1787. Wasu daga cikin mahalarta sun ji tsoron cewa a ƙasa mai faɗi, wadda labari ke tafiya a kan doki, talaka ba zai san 'yan takara ba, ƙananan jihohi kuma sun ji tsoron manya su danne su. Akwai kuma dalilin da bai kamata a ɓoye wa ɗalibai ba, wato bauta. Jihohin kudu suna da ɗimbin bayi waɗanda ba su da ƙuri'a, saboda haka zaɓen kai tsaye zai rage musu ƙarfi, kamar yadda James Madison da kansa ya faɗa a wurin taron. Sai aka daidaita a kan cewa wajen rabon kujeru za a lissafa kashi uku cikin biyar na adadin bayi, wanda hakan ya ƙara wa iyayengijinsu wakilai a kan mutanen da ba a tambaye su komai ba. Huɗu daga cikin shugabannin Amurka biyar na farko 'yan Virginia ne, kuma dukansu sun mallaki bayi.

Masu kare tsarin a yau, waɗanda akasarinsu 'yan jam'iyyar Rifablikan ne, suna cewa Amurka tarayyar jihohi ce, kuma tsarin yana tilasta wa ɗan takara neman karɓuwa a sassa daban-daban maimakon ya dogara da manyan birane. Suna kuma cewa idan rigima ta tashi, tana tsayawa a jiha ɗaya ko biyu, ba sai an sake ƙidayar ƙasa baki ɗaya ba. Wannan damuwa ba baƙuwa ba ce gare mu, domin ita ce ta sa kundin Najeriya na 1979 ya ce bayan rinjayen ƙuri'u, sai ɗan takara ya samu kashi ɗaya bisa huɗu a kashi biyu bisa uku na jihohi. Manyanmu suna tuna shari'ar Awolowo da Shagari, lokacin da jihohi suke 19, Shagari ya cika sharaɗin a 12, a Kano kuma ya samu kusan kashi 20 cikin ɗari, har Kotun Ƙoli ta karɓi lissafin sha biyu da biyu bisa uku. Bambancin shi ne a tsarin Najeriya kowace ƙuri'a tana shiga jimilla, sharaɗin yaɗuwa ƙari ne a kanta.

Masu suka kuwa suna nuna cewa wakili ɗaya a Wyoming yana tsaya wa mutane ƙasa da 200,000, alhali a Kaliforniya yana tsaya wa sama da 700,000. A ganina wannan ba shi ne babban aibin ba. Babban aibin shi ne kwashe duka da mai nasara ke yi, wanda ke mayar da miliyoyin masu zaɓe 'yan kallo. A 2020 Trump ya samu ƙuri'u sama da miliyan shida a Kaliforniya, fiye da abin da ya samu a kowace jiha, amma bai fita da wakili ko ɗaya daga can ba, kuma haka 'yan Dimokurat na Texas suke gani duk bayan shekara huɗu. Shi ya sa a 2024 kusan duk yawon neman ƙuri'a da kuɗin talla suka taru a jihohi bakwai na raba gardama, yayin da ƙananan jihohin da ake cewa tsarin yana karewa, irin su Wyoming da Vermont, ba su ga gangamin yaƙin neman zaɓen 'yan takara ba. Mutumin da ya yi layi cikin sanyin Nuwamba yana sane da cewa ƙuri'arsa ba za ta motsa komai ba yana da haƙƙin ya yi ƙorafi, ko wace jam'iyya yake so.

Abin lura shi ne kwashe duka ba ya cikin kundin tsarin mulki, dokar jihohi ce. Maine da Nebraska suna raba wani ɓangare na wakilansu bisa mazaɓu. A birnin Omaha na Nebraska, a 2024, magoya bayan Kamala Harris sun riƙa kafa alluna masu ɗigon shuɗi guda ɗaya (launin jam'iyyar Dimokurat) a ƙofar gidajensu, alamar wakili ɗayan da mazaɓarsu ke iya bayarwa a tsakiyar jihar da Trump ke da rinjaye, kuma sun same shi. Sauran jihohi ba sa bin wannan hanya saboda jam'iyyar da ke riƙe da jiha ba ta son ta yanka wa abokiyar hamayya kaso daga abin da take ci ita kaɗai.

Soke tsarin gaba ɗaya yana buƙatar gyaran kundi, wato amincewar kashi biyu bisa uku na majalisun tarayya biyu da kuma jihohi 38. A 1969 Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin soke tsarin da ƙuri'u 338 a kan 70, amma ƙudurin ya mutu a Majalisar Dattawa a 1970. Yanzu wasu jihohi sun ƙulla yarjejeniyar ba da wakilansu ga duk wanda ya fi ƙuri'u a faɗin ƙasa, wadda ba za ta fara aiki ba sai wakilan jihohin da suka shiga sun kai 270. Maryland ce ta fara shiga a 2007, kuma zuwa 2024 sun kai 209.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a Maraɗi. Shin waɗannan wakilai suna iya saɓa alkawari su zaɓi wani daban?

AMSA: Suna iyawa, 'yar uwa, kuma an sha yi. Wakilan kowace jiha suna haɗuwa a babban birninta, su kaɗa ƙuri'a, su sa hannu a takardun shaida, sannan majalisun tarayya su ƙidaya ranar 6 ga Janairu. A 2016 wakilai bakwai sun kauce, biyar daga ɓangaren Clinton, biyu daga na Trump, shi ya sa sakamakon ƙarshe ya zama 304 da 227. Amma hakan bai taɓa sauya wanda ya zama shugaban ƙasa ba, domin jam'iyyu amintattunsu suke tsayarwa, kuma a 2020 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci da murya ɗaya cewa jiha tana da ikon hukunta wakilin da ya saɓa, ko ta maye gurbinsa da wani.