Sanamaki ba ya son a shagwaɓa shi

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce sau biyu kina shuka sanamaki a tsakar gidanki a Gadarif ta ƙasar Sudan yana ruɓewa, kina kuma son sanin yadda ake shansa don bushewar ciki.

Ba hannunki ba ne, ƙasar ce. Baƙar ƙasar Gadarif laka ce mai riƙe ruwa, irin tamu ta nan Mai Wurno, shi kuwa ɗan rairayi ne. A jigawar Kurdufan haka yake fitowa a daji ba mai kula da shi, ya yi ta furensa rawaya shekara da shekaru. Ni ma na yi asararsa kafin na gane. Sai da na tara yashi na yi tudu, na zuba taki kaɗan, a inda rana ke dukansa tun safe. Irin yana da taurin ɓawo, ki jiƙa shi a ruwan ɗumi ya kwana, ki shuka a farkon damina. Kada ki dasa shi, saiwarsa doguwa ce, in ta katse shi ke nan. Ruwa kuwa sai ƙasa ta bushe.

Wasu na haɗa shi da filasko. Dangi ne, amma ganyen filasko mai faɗin kai ne, na sanamaki siriri mai tsini. A inuwa ake shanya shi don ya riƙe korensa.

Wajen sha nake roƙonki ki kula. Ya zo a hadisin da Ibn Majah ya ruwaito, amma wannan bai sa ya zama shayin kullum ba. Ƙaramin cokali ɗaya nake jiƙawa a ruwan sanyi, in sa tsamiya da 'yar citta saboda murɗar ciki, in sha da dare. Cikin awa 6 zuwa 12 zai yi aiki. Kada ki wuce mako guda. Ina da maƙwabciya da ta mai da shi maganin rage ƙiba, jiki ya yi ta zubar da ruwa har ta galabaita, daga baya bayan gida ya gagare ta sai da shi. Abin ya ba ni tausayi ƙwarai.

Mai juna biyu da ƙananan yara kada a ba su, haka mai ciwon ƙoda ko mai shan maganin zuciya sai likita ya yarda. In bushewar ta zo da amai da ciwon ciki mai tsanani, ki bar ganye ki tafi asibiti.