Yaron da ke manta haddarsa kafin gari ya waye

'Yar uwa, kin ce ɗanki yana biya shafinsa tsaf da dare, da safe ya nemi aya ya rasa, har kina tambaya ko a karɓo masa rubutu. Wallahi sai da hawaye suka zo mini. Ƙarfe nawa yake kwanciya, kuma yana kaiwa asuba bai farka ba?

Nawa haka ya koma bayan mun baro ƙauye muka dawo Gusau. Babur ya wuce da dare, sai ya zabura ya zauna. Malaminsu bai tambayi komai ba, ya tsayar da shi gaban yara ya kira shi daƙiƙi, ya zane shi da dorina har bayansa ya yi ruɗu-ruɗu. Ina gasa masa da ruwan ɗumi yana cewa, "Inna, wallahi jiya na iya." Da na je, mutumin nan cewa ya yi ni nake sangarta shi. Har yau in na hango shi sai raina ya ɓaci.

Likita ne ya fahimtar da ni. Ƙwaƙwalwa tana da bugun lantarki iri-iri, shi ake aunawa da gwajin EEG. Sabon karatu yana fara sauka a wani sashe mai suna hippocampus. A barci akwai bugu mai jinkiri, kusan sau 1 a sakan, akwai matsakaici mai sau 12 zuwa 15, sai mai tsananin sauri daga wancan sashen, lokacin da yake maimaita abin da aka koya. Sai ukun sun faɗa a gaɓa, kamar mata masu lugude a turmi guda, karatun ke kafuwa. Yawan farkawa yana wargaza wannan, kuma barci mai nauyi a farkon dare ya fi yawa.

Don haka bayan isha'i ya ɗan yi tilawa ya kwanta, ban da shayi, ban da waya. Bita sai bayan asuba. Yaron firamare yana buƙatar awa 9 zuwa 12. Ki ɗaura gidan sauro, ki kwanta kusa da shi in yana firgita. In kuma yana ƙura ido ya yi shiru, ki kira bai amsa ba, asibiti za ki kai shi, akwai farfaɗiyar da ba ta kayarwa.

Kuma don Allah ki je makarantar da kanki, ki faɗa wa malamin halin da yaron yake ciki tun kafin ya ɗaga masa hannu.