Amsar tambayarka kan kalmar "chill"

Assalamu alaikum ɗana, da fatan karatu yana tafiya daidai.

Ka ce abokan karatunka a Ingila suna yawan ce maka ka zo ku yi "chill", ka duba ƙamus ka ga sanyi ake nufi, sai ka rasa gayyatar me ake yi maka. Ka kuma tambaya ko za ka iya faɗa wa malaminku kalmar. To, ƙamus bai yi maka ƙarya ba, ma'anarta ta asali ke nan.

Kalmar ta haura shekara 1000 a bakin mutanen Ingila. A tsohon Turanci "ciele" ko "cele" ake rubuta ta, wato sanyi mai ratsa jiki, kuma tushensu ɗaya da "cold" da "cool". A ƙasar da hunturu ke iya hallaka mutum, sanyi ba abin so ba ne, shi ya sa tsofaffin ma'anoninta ba su da daɗi, kuma har gobe ana amfani da su. In an ce mutum ya kama "chill", sanyi ne ya shige shi har yana rawar ɗari. Labarin da aka kira "chilling" shi ne mai tayar da tsigar jiki. Tarba "chilly" kuwa ita ce wadda aka yi maka ba yabo ba fallasa, fuska a ɗaure.

Ma'anar da abokanka ke nufi, wato hutawa, daga Amurka ta zo, daga bakin baƙaƙen fata, wajen ƙarshen shekarun 1970, waƙoƙin zamani da fina-finai suka yaɗa ta duniya. Tun kafin nan makaɗan jaz na shekarun 1940 sun riga sun mai da "cool" kalmar yabo ga mutum mai natsuwa. Wannan ba zai yi wa Bahaushe wuyar ganewa ba, tunda mu ma muna cewa rai ya yi sanyi, ko wane mai sanyin hali ne. Daga baya aka haɗa "chill" da "relax", wato shaƙatawa, aka sami "chillax", wadda babban ƙamus na Oxford ya shigar a 2019.

Gayyatar da ake yi maka zaman hira ne kawai, babu tsari, babu shiga ta musamman. Kada ka ɗauka za a girka maka abinci kamar yadda ake wa baƙo a gida. Ka ci abincinka kafin ka tafi, ko ka riƙe lemo ko ɗan abin taɓawa, in kuma an yi odar abinci, galibi kowa biyan nasa yake yi. Ka tambayi inda za a zauna da waɗanda za su zo, domin zaman ɗalibai a can sau da yawa da giya a ciki. In ka ce ba ka sha, yawanci ba a tsananta maka.

Akwai wadda nake so ka kiyaye sosai. In an haɗa kalmar da Netflix, dandalin kallon fina-finai ta intanet, wato "Netflix and chill", tun wajen 2015 ba kallon fim kaɗai ake nufi ba, habaici ne na keɓewar namiji da mace. Kada ka furta wa 'yar ajinku da zaton kana gayyatarta kallo, kada kuma ka amsa irin wannan gayyatar.

Batun malaminku kuwa, a'a. Kalmar tsara ce, ba a sa ta a wasiƙar makaranta ko ta neman aiki. Mafi muni shi ne ka ce wa wanda ransa ya ɓaci "chill" ko "chill out". Kai kana nufin ya yi haƙuri, shi kuwa abin da zai ji shi ne ka raina damuwarsa, sai fushin ya ƙaru, ko da tsaranka ne, balle babba. A irin wannan hali ka ba shi haƙuri da cikakkiyar jimla, ka saurare shi ya gama magana.

Ka gaida 'yan uwa da ke can.

Kawunka.