Mun share wata yarinya a ajinmu, ban zage ta ba ban dake ta ba, ina da zunubi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗaliba ce a sakandare, shekarata 16. Wata 'yar ajinmu ta samu saɓani da babbar ƙawarmu sai aka ce kowa ya share ta, mun cire ta a gurup ɗin aji na WhatsApp, in ta zo inda muke zaune sai a yi shiru ko a tashi ɗaya bayan ɗaya, in malami ya ce a kasu don aikin aji ba mai ɗaukarta. Wata biyu kenan. Ni dai ban zage ta ba ban dake ta ba, tsoro nake in na kula ta nima a juya min baya. Ina da zunubi?

AMSA: Wa alaikumussalam wa rahmatullah. Eh 'yata, akwai zunubi. Abin da kuke yi haramun ne kuma kina da kasonki a ciki, tunda kin balaga alƙalami na rubutu a kanki. Amma damuwar da ta sa kika yi tambayar alama ce ta zuciya mai rai, Allah ya yi miki albarka.

Hadisin Abu Ayyubal Ansari a Bukhari da Muslim, Annabi (SAW) ya ce bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan uwansa sama da dare 3 ba, su haɗu wannan ya kau da kai wancan ya kau da kai, kuma mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. Ki lura babu zagi a nan babu duka, kau da kai kawai aka ambata. Dare 3 ɗin ma rangwame ne ga wanda aka ɓata wa rai don ya huce, to ke me ta yi miki? Gabar wata kika ara kika yafa.

Akwai kuma hadisin Ibn Mas'ud: in kuna ku uku kada biyu su yi raɗa su bar ɗaya, domin hakan na baƙanta masa rai. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa wani ya zo zai gana da Ibn Umar a asirce alhali Abdullahi bn Dinar ne kaɗai tare da shi, sai da Ibn Umar ya kira mutum na huɗu tukunna ya keɓe da mai maganar, don kada a bar mutum tsaye shi kaɗai. Malamin tafsiri Ƙurɗubi ya ce ba a uku hukuncin ya tsaya ba, ko goma ne ko dubu ba su da ikon ware mutum ɗaya. Raɗar minti biyu fa kenan, ina ga aji guda su buɗe gurup su rufe wa yarinya ɗaya ƙofa.

Kuma don Allah kada wani ya kawo min ƙissar Ka'ab bn Malik a matsayin hujja. Gaskiya ne an ƙaurace masa shi da Murara bn Rabi'a da Hilal bn Umayya dare 50 bayan yaƙin Tabuka a shekara ta 9 bayan hijira, amma Annabi (SAW) ne ya ba da umarni, kan laifin da ya shafi addini, ba fushin ƙawa ba. Ki karanta Suratut Tauba aya ta 118 ki ji yadda ƙasa duk da faɗinta ta yi musu ƙunci. Manyan maza sahabbai kenan, kuma dare 50. Yarinyar nan ta wuce haka a hannunku, kullum ta shigo aji ta zauna ita kaɗai tana yin kamar tana karatu don kada a ga idonta.

Shari'a ba ta ce dole ta zama aminiyarki ba, kina da 'yancin zaɓen abokan zama, kuma da a ce cutar da ke take yi ya halatta ki ja baya. Abin da ya hau kanki shi ne ki fita daga wannan haɗin bakin. Gobe ki yi mata sallama a gaban kowa, Malik da Shafi'i suna ganin sallama na yanke gaba, Ahmad kuwa yana ganin in har tana cutuwa sallama kaɗai ba ta isa ba, kuma a halin nan naku maganarsa ta fi kwanta min, saboda haka ki nemi afuwarta, in an zo aikin aji ki ce ta shigo naku. Ki samu ƙawar taku a keɓe ki ce ya isa haka, wannan shi ne taimakon azzalumi da Annabi (SAW) ya ce a yi, wato a hana shi zaluncin. In kina tsoron su dawo kanki, ki jawo mutum ɗaya ko biyu ku yi tare, na tabbata ba ke kaɗai abin ke ci ba, sannan ki sanar da malamar aji ko iyayenki. Wannan ba gulma ba ce, kai ƙara wurin mai ikon kawar da zalunci halal ne. Malamin da ya ga haka ya ce wai harkar yara ce, shi ma za a tambaye shi kiwon da aka ba shi.

Wallahu a'alam.