Tambaya da Amsa: Wane ne Hofmannsthal, kuma mene ne aikin marubucin opera?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji a rediyo an yabi wani ɗan Austiriya mai suna Hugo von Hofmannsthal, wai shi ya rubuta wasannin opera na Richard Strauss. To idan Strauss ne mai kiɗan, shi kuma me ya rubuta? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, malama. Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera shi da waƙa, makaɗa na rakiya, kuma yawanci mutum biyu ke haɗa shi. Ɗaya ya tsara labari da baitocin da za a rera, wanda ake kira libretto, ɗaya ya ɗora musu kiɗa. Hofmannsthal shi ne mai kalmomin.

An haife shi a Biyana, babban birnin Austiriya, a 1874. Tun yana ɗan sakandare yake buga waƙoƙi da sunan aro, Loris, domin ba a yarda ɗalibai su wallafa da sunansu ba. Daga baya ya karkata ga dandalin wasa. Wasansa Elektra na 1903 ne ya ja hankalin Strauss, aka mayar da shi opera a Dresden a 1909. Gaba ɗaya sun yi opera guda shida tare, ciki har da Der Rosenkavalier a 1911, kuma mafi yawan aikin ta wasiƙa suka yi shi.

Aikin nan ya fi yadda ake zato wuya. Jimlar da ake faɗa cikin numfashi ɗaya, idan aka rera ta sai ta ninka lokaci, don haka dole marubuci ya datse zance, ya kuma bar gurbin da kiɗa zai yi magana shi kaɗai. Wani sa'in akasin haka ake nema: a wurin da Elektra, jarumar wasan, ta gane ɗan'uwanta, Strauss ya roƙi ƙarin baitoci don kiɗan ya samu wurin miƙe ƙafa.

Inda suka yi tuntuɓe shi ne Ariadne auf Naxos a Stuttgart, 1912. Sun haɗa wasan magana na Molière, marubucin Faransa, da opera a dare guda. Abin ya yi tsawo har 'yan kallo suka gaji, masu son wasa ba su damu da waƙa ba, masu son waƙa suka ƙosa da jira, ga tsadar ɗaukar ƙungiyar 'yan wasa biyu. A 1916 suka cire wasan, suka sa gajeriyar shimfiɗa ta waƙa a madadinsa. A ganinmu wannan gyara ne ya nuna gwanintarsa, don ba kowane marubuci ke iya yar da rabin aikinsa ba.

Yana cikin waɗanda suka kafa bikin wasanni da kiɗa na garin Salzburg a 1920, inda aka buɗe da wasansa Jedermann a gaban babban cocin garin.

Ƙarshensa akwai ban tausayi. A watan Yulin 1929 ɗansa Franz ya kashe kansa. Kwana biyu bayan haka, yana shirin fita jana'iza a gidansa na Rodaun, sai ya yanke jiki ya faɗi, bai ƙara tashi ba. Lokacin kashi na farko na Arabella, operarsu ta ƙarshe, kawai ya gama gyarawa. Strauss ya ɗora kiɗa a kan sauran kashi biyun kusan yadda ya bar su, aka nuna wasan a Dresden a 1933.