Abin da ya sa mutanen zango ke zuwa asibitin mishan

Assalamu alaikum, Yaya. Da ka ji an kwantar da Inna a asibitin mishan, ka tambaye ni ko mu Hausawan Gana ba ma tsoron a bi ta hanyar magani a raba mu da addininmu. Tambaya ce da ta dace da wanda ya tashi a Kano, amma mu a Kumasi, tun lokacin da kakanninmu suka zo fataucin goro suka zauna a zango, wato unguwar baƙi Musulmi, tsiraru muke. Ƙidayar 2021 ta nuna Kiristoci sun haura kashi 70 cikin 100 na mutanen ƙasar, Musulmi kuwa wajen kashi 20 ne.

Asibitocin nan sun daɗe, wasunsu ma sun girmi 'yancin kan ƙasar. Na Agogo, wanda ya yi suna wajen aikin ido, 'yan mishan na Basel daga ƙasar Switzerland ne suka buɗe shi a 1931, shi kuma na 'yan Baftis da ke Nalerigu a arewa ya fara aiki a 1958, a yankin da likita ke wuyar gani a wancan zamani. A 1967 coci-coci suka haɗa asibitocinsu a ƙungiya ɗaya da ake kira CHAG, wadda yanzu ita ce ta biyu bayan gwamnati wajen kula da lafiyar jama'a. Gwamnati ce ke biyan albashin ma'aikatansu da yawa, kuma suna karɓar katin inshorar lafiya da aka kafa dokarsa a 2003, saboda haka idan ɗan zango ya je can, da haƙƙinsa na ɗan ƙasa ya je, harajinsa yana cikin abin da ke tafiyar da wurin.

Na taɓa tambayar wani fada, wato limamin cocin Katolika, maƙwabcinmu abin da ke sa su ɗaukar wannan wahala, sai ya nuna mini littafin Matiyu sura 25 a cikin Linjila, inda aka ce a ranar hisabi za a duba wanda ya ciyar da mayunwaci, ya shayar da mai ƙishirwa, ya tufatar da huntu, ya gaida mara lafiya da ɗan kurkuku, kuma duk abin da aka yi wa mafi ƙanƙanta cikin mutane kamar Almasihu aka yi wa. A fahimtarsu, jinyar mara lafiya ibada ce, ko da wanda aka yi wa bai taɓa taka ƙofar coci ba. Wanda ya san matsayin sadaka da gaida mara lafiya a Musulunci ba zai ji maganar baƙuwa ba. Gaskiya ne da safe ma'aikata kan yi addu'a da waƙoƙinsu kafin a fara ganin likita, kuma ba zan ce maka babu mai fatan ka bi addininsa ba, amma Inna ta yi kwana tara tana sallarta a kan gado, ba wanda ya ce mata uffan.

Manyanmu ma ba su ɓoye wannan zama ba. A 2019, shekarar da ya cika 100, Babban Limamin ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu ya ziyarci cocin Katolika na Christ the King a Akra ranar bikin Ista na Kiristoci, abin da wasu malamai suka yi ta gunaguni a kai.

Inda takalmi ke matsa mu shi ne makarantun kwana, domin can yaro yana hannunsu dare da rana. A azumin 2021 makarantar 'yan mata ta Wesley da ke Cape Coast ta hana ɗalibai Musulmi yin azumi, hukumar ilimi ta ba da umarnin a bar su, cocin Methodist mai makarantar kuma ya ƙi amincewa. A ganina sun yi kuskure, tunda malaman makarantar ma albashin gwamnati suke ci. Shi ya sa uba a zango kan kai matarsa haihuwa asibitin mishan ba tare da wani tunani ba, amma idan za a zaɓa wa 'yarsa sakandare sai ya yi ta bincike ko ana barin salla da azumi, wasu kuma su gwammace ta jeka-ka-dawo, yarinya ta riƙa zuwa Islamiyya Asabar da Lahadi.

Inna ta samu sauƙi, an ce ta koma a duba idon bayan mako shida, kuma tana gaida mutanen gida.