Yaushe Sabon Mai Lambu Zai Fara Zuba Iri?

Tambayoyin da suka taru mini a wannan karo kusan duk a kan lokaci suke, kuma yawancinsu daga waɗanda ba su taɓa lambu ba sai bana. Na fara da ta wata Hajiya, domin kuskuren da ta yi ya zama ruwan dare.

Malam, na sayi irin tumatir da latas da karas na leda, 'yan ƙasar waje. Ɗana ya karanta bayan ledar, ya ce an rubuta a shuka da bazara. Na zuba a watan Maris. Latas ko ɗaya bai fito ba, tumatir ya yi ganye shar amma furen sai zubewa yake. Jabun iri aka sayar mini? Daga wata Hajiya a Kano.

Hajiya, kada ki koma ki yi faɗa da mai shago. Da wuya in laifin irin ne. Fassara ce ta cuce ki. Lokacin da ledar take nufi shi ne wanda sanyin Turai yake janyewa, daga Maris zuwa Mayu, ƙasa ta fara ɗumi bayan ƙanƙara, rana ba zafi, dare da sanyi-sanyi. Mu kuma da muka rasa sunan da za mu ba shi sai muka ce bazara. To bazararmu ai kin san ta: lokacin da ruwan randa kansa yake ɗumi, zafi a Kano ya taɓa digiri 40, a Sakkwato har ya wuce. Watannin ɗaya ne, yanayin kuwa hannun riga.

Irin latas yana da wata ɗabi'a: in zafin ƙasa ya kusa digiri 30 sai ya yi barci, ya ƙi tsira ko da kin cika shi da ruwa. Tumatir kuma yana tsira cikin zafi, har ya ruɗe ki da ganye, amma in rana ta haura digiri 35, dare ma bai huce ba, furen ba ya ɗaukar 'ya'ya, sai ya bushe daga wuya ya faɗi. Ki duba gindin shukar da safe, za ki ga ƙananan furanni ruwan ɗorawa a warwatse a ƙasa. Ba taki ba ne ya gaza, kuma babu feshin da zai hana.

Yanayin da ledar take nema muna da shi, amma a hunturu yake. Saboda haka lissafin baya ake yi. Ana so tumatir ya yi fure a Disamba da Janairu, lokacin da dare ke da sanyi. Irin yana yin kamar mako huɗu a bedi, wato ɗan wurin da ake renon iri kafin dashe, sai a dasa shi in ya yi ganye huɗu ko biyar, sannan ya ɗauki kamar wata biyu da rabi kafin a fara ɗiba. Ke nan zuba iri daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Oktoba, da ɗaukewar ruwan sama. Haka manoman Kadawa da Kura da Garun Malam suke yi da ruwan dam ɗin Tiga, shi ya sa kike ganin tumatir ya cika kasuwa daga Janairu, ya yi arha. Wanda ya makara kuma, ban da zafi, ga tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta ƙone gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016. Da ɗumamar gari take ƙarfi.

Latas ki jira iskar hunturu ta fara kaɗawa, daga ƙarshen Oktoba zuwa Janairu, kuma kada ki zuba ledar duka rana ɗaya. Ɗan kaɗan duk bayan mako biyu, in ba haka ba zai nuna miki lokaci guda, ki raba wa maƙwabta, saura ya yi tsiri ya yi ɗaci. Karas daga Oktoba zuwa Disamba, kuma shi ba a dasa shi. Inda aka shuka nan zai zauna, in aka cire aka dasa sai ya fito a karkace ko ya yi ƙafa biyu. Yana iya kai mako biyu ko uku bai leƙo ba, kada ki fid da rai ki tone wurin. Albasa ita ce mai nawa a bedi, mako shida zuwa takwas, sai ta kusa kaurin fensir ake dasa ta.

In da a Jos kike da maganar ta sauya, domin sanyin Filato yana ba su damar da mu nan ƙasa ba mu da ita.

To Malam, mu da muka riga muka gyara wuri a bazara, sai mu naɗe hannu har Oktoba?

A'a. Ku zuba alayyafo. Shi zafi abincinsa ne muddin akwai ruwa safe da yamma, kuma cikin mako uku zuwa huɗu an fara tsinka. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, a cuɗa shi da yashi kafin a yafa don kada ya taru wuri ɗaya. Ni duk sabon mai lambu da shi nake cewa ya fara, ko a tsohon bokiti ko buhun siminti da aka huda gindinsa, saboda yana saurin faranta rai, kuma in ya lalace asarar ba ta taka kara ta karya ba. Kuɓewa ma tana son zafi. Ita sanyin hunturu ne ke tsugunar da ita. A jiƙa irinta ya kwana a ruwa.

Ruwan farko ya sauka a garinmu. In shuka kayan miya yanzu ko in dakata? Daga wani matashi a Maraɗi.

Ɗan'uwa, dakata tukuna. Ruwan farko mayaudari ne, musamman a wajenku da wajen Katsina da Damagaram, inda damina ba ta cika zama daram ba sai ƙarshen Yuni ko shigar Yuli. Yakan sauka sau ɗaya, iri ya tsira, sannan sama ta yi shiru mako biyu, rana ta soye tsiron. Gero yana iya jure wannan, har binne ake yi masa tun kafin ruwa. Kayan lambu ba su da wannan ƙashin.

Ka bari a yi ruwa mai ƙarfi biyu ko uku kusa da kusa, sannan ka tona rami da hannu. In laima ta kai tsawon tafin hannunka zuwa wuyan hannu, ka dunƙule ƙasar ta riƙe ba ta wargaje ba, to shuka: kuɓewa, yakuwa, rama, lalo, kabewa. In kana da rijiya kusa da za ka iya ceto su in ruwa ya yanke, ba laifi ka riga kowa.

Abin da ba ya jiran ruwa shi ne bedin attaruhu da tattasai. Su masu jinkiri ne, kwana goma zuwa mako biyu kafin su tsira, sannan mako shida zuwa takwas kafin dashe. A zuba su tun Afrilu ko Mayu a ƙarƙashin 'yar rumfar kara, ana ba su ruwa da hannu, don damina ta tarar da su a shirye. Tumatir na damina kuwa ban ba sabon hannu shawara ba. Marka tana kawo masa cututtukan ganye da ruɓewa, sai wanda ya san kan kunya mai tudu da kafa sanda da feshi.

Ina zaune a Ingila, kuma an ba ni ɗan fili a bayan gida. Yaushe zan fara?

Kai ne wanda ledar take magana da shi. Abokin gabarka ba zafi ba ne, daskarewar dare ce, wadda a yawancin Ingila ba a sakin jiki da ita sai tsakiyar Mayu ko ƙarshensa, arewacin ƙasar ma ya fi jinkiri. Rana ɗaya mai haske a Maris kada ta ruɗe ka. Masu jure sanyi, wato latas da karas da koren waken nan da suke kira peas, suna iya shiga ƙasa daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu, in ƙasar ta daina caɓi, ɗuminta ya kai digiri 7. Tumatir da barkono a cikin ɗaki ake renonsu bakin taga, mako shida zuwa takwas kafin daskarewar ƙarshe, barkono ma ya fi son a riga da shi. Kafin dashe ka riƙa fitar da su da rana kana mayarwa da dare, na mako guda ko kwana goma, su saba da iska. Alayyafonmu zai yi maka in ka jira Yuni. Kuɓewa kuwa, in ba ka da ɗakin gilashi, ka ci gaba da sayenta a shago.

Na zuba a lokacin da ya dace, ya tsira, amma tsiron yana kwanciya yana mutuwa a bedi.

Ka ciro guda ka duba daidai inda karan ya haɗu da ƙasa. In wurin ya yi siriri kamar zare, ya yi duhu, to ruwa ne ya yi yawa kuma iri ya cushe. Ka ɗaga bedin ya fi ƙasa tudu, ka zuba iri a layi-layi da tazara, ka yi ban ruwa da safe da gwangwanin da aka huda gindinsa, ba kwara bokiti ba. Ciyawar da ka rufe bedin da ita a janye ta ranar da tsiro ya leƙo. Kashin kaji ɗanye ma yana ƙona su. Sai wanda ya ruɓe ya huce.

Wanda kuma yake da ragowar irin bara, ya gwada shi mako biyu kafin ranar zubawa. Ƙwaya goma a tsumma mai laima, a naɗe a ajiye a inuwa, ana yayyafa ruwa. In bakwai ko takwas sun tsira, irin yana da rai. In uku ne, a sake saye. Irin tumatir yana iya shekara uku ko huɗu in an adana shi a busasshen wuri mai sanyi, amma na albasa da wuya ya wuce shekara guda.